Kafinta da Littafin Maguna

Akwai wani tsohon kafinta wanda ba ya tsallake mataki a aiki. Sai ya gama ƙafar tebur ta farko, ya goge, ya auna, sannan ya kalli ta biyu. To, haka yake karatu ma, bawan Allah.

'Yarsa ce ta kawo masa littafin lokacin da ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Wata dattijuwa ce ta rubuta labarin shekara ashirin da ta yi tana kula da magunan unguwarsu, irin marasa gidan nan masu fakewa a ƙarƙashin motoci. Babi na farko har ƙwalla ya sa shi. Dattijuwar ta ce ta fara ne da ajiye musu kawunan kifi a kwano a bakin ƙofarta. Kafinta ya rufe littafi, ya nemo kwano, ya ajiye a bakin tasa ƙofar. Ya ce ba zai shiga babi na biyu ba sai ya ga na farko ya zauna daram.

Ya kuwa zauna. Kafin mako ya zagayo maguna huɗu sun hallara. A babi na biyu dattijuwar ta yi musu mafaka da kwali. Shi kuwa ya ce kwali cin fuskar sana'a ne, sai ya ƙera musu gidan katako, har da rufi mai gangara. Zuwa babi na biyar sun kai goma sha ɗaya, cikinsu akwai wani muzuru mai kunne ɗaya da ke yi wa mutanen gidan kallon 'yan haya.

Inda gizo ke saƙar, ƙofar nan ita ce ta ɗakin ɗinkin matarsa. Tela ce, kuma tunda take ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba. Yanzu kullum sai ta tarar da zare a warware tun daga keke har waje, ga gashi a kan yadin mutane. Ranar da wata ta zo karɓar rigarta, ta shinshina, ta tambaya ko a kasuwar kifi aka ɗinka, ranar haƙuri ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce wa maigidan jibi mai amalanke zai zo ya kai kekenta gidan 'yarsu, ita ma tana biye, shi kuma ya zauna da sabon iyalinsa.

Kafinta ya ba ta haƙuri, ya ce mai littafin ta san abin da take yi, saura babi bakwai kacal. Amma abinci ya ƙi shigar masa. Shekara arba'in yana yankan katako da ƙarar keken nan a kunnensa, bai san yadda ake zaman gidan babu ita ba.

Ita kuwa tela, idan aka miƙo mata riga juya ta take yi, don ta ciki ake ganin ingancin ɗinki. Ana gobe tafiya tana haɗa kaya, sai ta ɗauki littafin ta buɗe shi ta baya. Ta lalubo tabarau.

"Malam, ka san sunan babin ƙarshe?"

"Kada ki faɗa mini, ban iso ba."

"Kurakuran da na tafka. Na ɗaya, ajiye kwano a bakin ƙofa. Wai shi ya sa mijinta ya kwashe kayansa."

Kafinta ya tambaya a hankali ko mijin ya dawo.

Ta buɗe shafi na gaba. Ta ce ya dawo, bayan dattijuwar ta riƙa matsar da kwanon taku ɗaya kullum, maguna na binsa, har ya kai wani fili nesa da gidaje, ta kuma sa likitan dabbobi ya tsayar musu da haihuwa.

Nan take kafinta ya zaro tef ɗin awo, ya ce dole a fara sanin inci nawa ne taku. Tela ta tattare zani, ta ɗauki kwano, ta yi wani taku da ya kusa kayar da ita a kwata, ta dire shi.

"Wannan ai ya fi taku biyu," in ji shi.

"Auna mana, Malam. Mai amalanken dai yana nan tafe gobe."

Ya dube ta, ya dubi kwanon, ya mai da tef aljihu.