Hannun Hagun Gwaggo Doreen

Tun daga bakin ƙofa Bronwyn Keogh ta hango robar wankin jinin, sai ta ji kanta ya yi zafi. Shekara goma sha tara tana aikin nas a ɗakin wankin ƙoda a Alice Springs ta ƙasar Ostireliya, kuma ko mai shara a ɗakin nan ya san dokar: mai ciwon ƙoda, ta jijiyar wuya ake zura masa roba. Ba a bi ta ƙirji, ƙarƙashin ƙashin wuya, domin jijiyar nan in ta ji rauni tsukewa take yi, hannun duka ya tashi aiki.

Ga shi nan kuwa, an kafa wa Gwaggo Doreen Nakamarra roba a ƙirji, kuma a hagu. Hannun nan kaɗai ya rage mata mai lafiyayyar jijiya. Wata takwas Bronwyn tana gadinsa, ko jini ba ta bari a ɗiba a nan, don likitan tiyata ya haɗa jijiyoyi biyu a ciki a daina buƙatar roba. Ƙaramin asibitin ƙauyensu, tafiyar awa bakwai, ba ya karɓar mai roba saboda ƙwayar cuta. In babu haɗin nan, babu komawa gida.

Ta samu wanda ya kafa robar yana shan kofi. Dakta Lachlan Ashby ne, sati uku da zuwansa daga Sydney, takalminsa ma bai yi ja da ƙurar garin ba tukuna. Ya ce tsohuwar robar ce ta toshe ranar Asabar, jijiyar wuyan dama ta cushe, ta ƙirji kuma ta fi masa sauƙi, haka suke yi a can. Wai har ya yi wa tsohuwar bayani, ta ce to.

"Ta ce to?" in ji Bronwyn. "Ta kalle ka?"

Ya ce a'a, ƙasa take kallo.

Nan fa ta yi masa wankin babban bargo. Tsohuwa irin Gwaggo ba ta musu da baƙo a fuskarsa. Ko cewa ka yi za ka yanke mata ƙafa, to za ta ce, don kunya, ta jira nata su zo su yi magana. 'Yarta na zaune a ƙarƙashin bishiya a waje, ga tafinta yana ofis na biyu, wuyan hagu bai ko ɗora masa na'urar hoto ba. Gaggawar me? Wasan ƙwallo ne zai wuce shi? Ya buɗe baki zai kawo sunan wani bincike, ta juya ta bar shi da kofinsa.

An mayar da robar wuya ran nan, amma ihu ne bayan hari. Kafin wata biyu hannun ya kumbura har yatsu. Likitan tiyata ya duba hoto, ya girgiza kai, ya ce jijiyar ta tsuke, ba za a yi haɗin ba. Bronwyn ta shiga ɗakin ajiye magani ta yi kukan takaici, ta wanke fuska, ta je ta faɗa wa Gwaggo da bakinta, 'yarta na fassarawa.

Tsohuwar ta shafa bargo. Sannan ta ce ƙannenta biyu a garin nan suka mutu, a kan kujerun wankin nan, ba wanda ya rera musu waƙar ƙasarsu.

"Cire min robar, 'yata," ta ce wa Bronwyn. "Gida za ni."

Bronwyn ta ce mata in babu wanki, sati biyu ne ya rage mata a duniya, ko uku in an yi sa'a. Ta sake faɗa, a hankali, ta sa 'yar ta maimaita da yarensu. A wannan karon Gwaggo ta ɗago kai ta dube ta ido cikin ido, ta ce ta ji.

Bronwyn ta haɗa almakashi da auduga a faranti. Ta bi baranda har ta samu Ashby yana duba takardu, ta ajiye masa farantin a kansu.

"Kujera ta huɗu," ta ce. "Kai za ka cire mata. Kuma ka kalle ta."