Faɗin Layin Baba Matthew

"Wa ya ce ka taɓa masa kwamfuta?" na tambayi Kevin.

"Ubana ne ko naka, Friday?" Ya ci gaba da naɗe wayoyi. "Waccan ta ruɓe. Dubi allon wannan, kamar na gidan kallon ƙwallo."

Baba Matthew, mahaifin Kevin, na zaune a kujerar roba. Maƙwabcinmu ne a Kakuri, shi ke kula da kwamfutocin masaƙa kafin a rufe ta. Ciwo ya cinye masa gani ta gefe, sai ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne ya buɗe manhajar rubutunsa, ya kira shafukan da ke bayanin umarnin kwamfuta, ya yi ta karatu kamar labari. Tuntuni ya saita ta yadda layi ba zai wuce haruffa arba'in ba, daidai abin da idonsa ke ɗauka.

Kevin ya miƙa wa 'yan jari-bola tsohuwar, ya koma Abuja da yamma. Saitin Baba ya tafi tare da tsohuwar.

A sabon allon layuka suka miƙe zar. Baba zai bi layi yana juya wuya, in ya dawo farko ya rasa inda yake. Na matse masa tagar rubutun a allon, sai kalmomi suka riƙa karyewa a tsakiya.

"Akwai inda ake faɗa mata faɗin," in ji shi. "Sunan ne ya ɓace min. Yana cikin bayanin."

Bayanin da ba ya iya karantawa ke nan. Na kira Kevin a waya.

"Ku ƙara girman rubutun mana. Ina mitin." Ya kashe.

Ni a aji biyu na sakandare na gudu, ba na iya zama wuri ɗaya. Amma na riƙa ajiye Keke Napep ɗina da rana, in zauna in karanta masa da ƙarfi.

"Turancinka kamar taya mai faci," ya ce. "Koma baya."

"Baba, ka biya min kuɗin makaranta ne?"

"Da na biya, da na kai ƙara. Karanta."

Ƙafafunsa suka fara kumbura. Daga kujera ya koma katifa, yana saurare daga can. Ran wata Alhamis na ci karo da wurin da ake faɗa mata faɗin, na rubuta arba'in, na sake kiran shafin. Layukan suka tattaru a gefe ɗaya, babu kalmar da ta karye.

"Baba, tashi ka gani."

"Bar shi, ya samu barci," in ji matarsa, Mama Rebecca.

Bai ƙara tashi zaune ba. Ran Asabar ya rasu.

A zaman makoki, ƙarƙashin rumfa, na ji Kevin yana ce wa dattawan coci, "Na gode Allah, har sabuwar kwamfuta na kawo masa kafin ya tafi." Suka gyaɗa kai, suna sa masa albarka. Na ajiye kwanon shinkafata, don in na tsaya sai an riƙe ni.

Na shiga ɗakin. Mama Rebecca ta kunna kwamfutar, tana tsaye da mayafi a hannu. Rubutun na nan siriri a hagu, sauran allon baƙi. Ta ja kujerar robar kaɗan, ta daidaita ta da layukan.