Maƙerin da Bai Tashi Ba

"Goge layin nan," in ji Baba. "Wanda gini ya danne ba ya tsayawa yin jawabi."

Na goge. Yatsuna suna kan kwamfuta, idona yana kan ƙirjinsa da ke ɗagawa da ƙyar. Kwana huɗu ke nan ina tashi daga ofis in zarce ɗakinsa, don maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa, ina buga masa abin da hannunsa ya daina iya rubutawa. Shi ke rubuta Garkuwa, shirin zanen yara da ake nunawa a talabijin duk Asabar: labarin Garkuwa, yarinya mai tashi sama, da kakanta Maƙeri wanda ya ƙera mata garkuwar. Wannan ne kashi na ƙarshe da zai rubuta. Ni da shi duk mun sani, ba dai mai faɗa.

Waya ta yi ƙara a tsakanin kwalaben magani. Daraktan shirin ne. Na buɗe muryar don Baba ya ji.

"Baba, masu zane suna jira, ƙarfe biyar muka ce. Maƙerin dai zai tashi bayan waƙar rufewa, ko? Kamar kullum."

"Ba zai tashi ba."

"Haba Baba! Yara ne fa. Iyaye cinye mu za su yi ɗanye."

"Sau uku kuna sa ni ina kashe shi ina tayarwa. Ya nutse, ya dawo. Ya ƙone, ya fito yana kakkaɓe riga. Yanzu ko me ya same shi dariya yara suke yi. Labarin da ba a rasa komai a cikinsa ai talla ce."

Tari ya sarƙe shi. Na kashe wayar ba sallama, na miƙa masa ruwa.

Sai ga jikarsa ta faɗo ɗakin, tawul ɗaure a wuya, murfin tukunya a hannu. Shekararta bakwai, sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwata.

"Kaka, Mama ta ce in ka ƙi shan magani mutuwa za ka yi."

"Gaskiyarta, Uwata."

"Ba komai, ai bayan waƙa za ka tashi."

Ta fice a guje, tana ihun kama mugaye. Baba ya bi ƙofar da kallo, ya daɗe.

"Kin ji ko, 'yata? Ni na koya mata wannan. Na gwada gaya mata, bakina ya ƙi. Buga."

Na buga. Gini ya faɗo, Maƙeri ya ture yara biyu waje, shi ya rage a ciki. Garkuwa ta ɗaga gini, ta makara. Muryar Baba tana ta raguwa har sai da na kai kunne bakinsa.

"Bayan waƙa, a nuna maƙera. Wuta a mace. Garkuwa ta shigo, ta…"

Na jira. Agogon bango ya nuna biyar saura kwata. Na ce, "Ta yi me, Baba?" Fanka ce kawai ke juyawa.

Na kira 'yarsa daga wurin aiki, na kira maƙwabta. Ɗaki ya cika, ni kuwa na koma lungu da kwamfuta a cinya. Saƙon darakta ya shigo: ta'aziyya layi biyu, sannan, "Malama, ki taimaka ki ƙara jimla ɗaya. Ba wanda zai sani."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na buga ta: Maƙeri ya buɗe ido. Wallahi a lokacin ni ma abin da nake so ke nan, na ji haushin tsohon nan da taurin kansa. Sai na ɗaga kai na ga jikarsa a bakin ƙofa. Ba ta kuka. Takalman kakanta take jerawa, ta juya su yadda zai zura ƙafa in ya fito.

Na goge jimlar. Na rubuta: ta tsaya, ta rufe ƙofa. Na tura. Darakta bai ba ni amsa ba.

Wata huɗu ba mu san abin da ya yi da rubutun ba. Wata huɗu yarinyar nan tana share takalman kowace safiya. Uwarta ta yi bayani har ta gaji, in ta ɗauke su kuma sai an yi rigima.

Ranar Asabar ɗin da za a nuna kashin muka zauna mu uku a falonsu. Gini ya faɗo, yarinyar ta yi dariya. Waƙa ta fara, ta matsa gaban talabijin. "Ku tsaya ku gani," in ji ta. Ni kuwa ban ma san wanne nake tsoro ba, ya tashi ko kada ya tashi.

Waƙa ta ƙare. Aka nuno maƙera, wuta a mace. Garkuwa ta shigo, ta tsaya, ta rufe ƙofa. Aka sa tallar sabulu.

Yarinyar ta kalli tallar har ƙarshe, ta kalli wadda ta biyo baya. Sannan ta juyo. "Mama, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta miƙe ta nufi ƙofa. Ta ɗauki takalman, ta rungume su, ta hau kujerar kakanta ta zauna, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba.