Zalɓe a Gefen Faranti

Shekarar da maigida Vergnaud ya dawo daga baje kolin Paris, sai ya zo da zane-zane irin na mutanen Japan ya shimfiɗa a teburin masu fenti. Firmin, wanda ya tsufa yana kewaye farantan tangaram da furanni a nan garin Limoges, ya duba ya sake dubawa. A zanen da ke gabansa, zalɓe ɗaya ne a can gefe, ga reshe ya leƙo daga sama ba a ga tushensa ba, sauran fili fari fat.

"Maigida, wannan ai ba a gama shi ba."

"An gama, Firmin. Shi ake rububi yanzu. Furanninka kuwa sun cika mini ɗakin ajiya."

Firmin ya gwada iyakar ƙoƙarinsa, amma hannu ya ƙi. Da ya ajiye tsuntsu a hagu, sai farin da ke dama ya tsaya masa a rai. Ya ƙara ganye, ya ƙara wani, kafin ya farga ya kewaye farantin kaf.

"Baba Firmin, zalɓen naka tsoron iska yake ji ne, ka yi masa shinge?" in ji wani abokin aikinsa. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Da farantan suka fito daga tanderu, maigida ya ture su gefe. Sai ya gwada sauran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan Léontine, 'yar Firmin, wadda aikinta goge ruwan zinariyar faranti don ya yi ƙyalli. Ja uku ta yi da buroshi, kifi ya fito kamar zai zille daga bakin farantin. Ranar aka ba ta kujerar ubanta ta kusa da taga. Shi kuma aka sauko da shi ƙasa daga benen masu fenti, yana ja wa kofunan gidajen abinci shuɗin layi.

Da yamma suna shan miyar kabeji, ta ce, "Baba, in ka ce in bari, zan bari."

"Ki bari mu ci me? Kifin ya yi kyau. Ni na koya miki riƙe buroshi, amma ban san inda kika koyi tsayawa ba."

Ta sunkuyar da kai.

Haka suka ci gaba da fita tare kowace safiya, su rabu a gindin matakala. Bai ƙara hawa sama ba, ita ma ta daina kawo zancen aiki gida.