Fari a Wuyan Mai Fenti

Ɗan baƙin tabo ne a tafin ƙafar Mai Fenti, har ya ɗauka kwalta ya taka. Kafin likita ta ce ciwon dajin fata ne, ya riga ya haura zuwa matsematsinsa. Aka yanke tabon, aka ɗora shi kan wani magani da ake ƙara masa ta jijiya, mai zuga sojojin jikin mutum su far wa cutar.

A ɗakin ƙarin ruwa, kujerarsa na kusa da ta wani tsohon direba mai irin ciwonsa. Ran nan direban ya zo hannuwansa sun yi dabbare-dabbaren fari. Yana ta ɓoye su cikin riga, likita kuwa sai murmushi.

"Alamar alheri ce, Baba. Sojojin sun kama aiki, har sun haɗa da abin da ke ba fata launi. Amma ba kowa ke yin farin ba, kuma rashinsa ba ya nufin magani bai ci ba."

Mai Fenti ya ɗauki farkon maganar, ƙarshen ya bar wa likita kayanta. Haka ya kai labarin gida, kuma nan ya tafka kuskure. Kullum safiya sai matarsa ta tsayar da shi gaban taga, ta duba bayan kunne da tsakanin yatsu kamar mai tsintar shinkafa. Baƙi dai wuluk. Kullutun matsematsi kuwa shi kaɗai ya san ya ƙaru.

Wata yamma ya dawo daga shafe silin wani shago, ta riƙe wuyan rigarsa.

"Tsaya, Baban Auta. Ya fito."

Ya san ɗigon fenti ne, don ya ji sanyinsa sa'ad da ya faɗo daga burushi. Amma ta riga ta durƙusa tana hamdala da hawaye. Sai ya bar ta a kan murnarta. Ita kuwa ko taɓa wurin ta ƙi, wai kada ta kore shi.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Nasa furen kullum sai an yi masa ban ruwa. Kowace safiya a banɗaki yakan goge na jiya, ya ɗiga sabo, ya ɗan faɗaɗa da yatsa. Ranar asibiti ya wanke a famfon bakin ƙofar asibitin. Direban ya daina zuwa, an ce ciwonsa ya ja da baya. Hoton cikin jikin Mai Fenti da aka ɗauka kuwa likita ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya zo mata da matarsa. Bai isar da saƙon ba.

Sai ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi, ko banɗaki ya kasa zuwa. Matar ta kawo ruwan ɗumi da tsumma, ta goge masa fuska, ta gangaro wuya. Yana jin hannun na zuwa, ba shi da ƙarfin hanawa. Hannun ya tsaya. Ta dubi tsumman, ta dubi wuyan.

Autarsu ta leƙo da jakar makaranta.

"Umma, farin Baba ya ƙaru?"

Matar ta ja masa bargo har haɓa.

"Ya ƙaru. Je ki, kar ki makara."

Da takun yarinyar ya ɓace, ta zauna bakin gado da tsumman a hannu.

"To, yanzu faɗa min abin da likita ta ce."