Wa Zai Buɗe Cikin Aristóbulo

Da aka gano ƙari a hanjin Aristóbulo, kowa a asibitin nan na birnin Bucaramanga ya ɗauka Likita Villamizar ne zai yi aikin. Matar mara lafiyar, Nohemí, ta shekara talatin tana miƙa masa wuƙa a ɗakin tiyata, kuma shi ya riƙe ɗanta ranar baftisma, shi ya sa take ce masa Kompadre, shi kuma yake ce mata Komadre. Sai ga sunan mijin a jerin Likita Yesenia, wadda ko shekara biyar ba ta yi da fara aiki ba.

Villamizar ya tare Nohemí a wurin shan kofi, yana hura hanci.

"Komadre, ashe aikin leƙe kika zaɓa wa mijinki? A huda ciki, a tura kyamara, a cusa hannu ɗaya ana lalube kamar mai neman makulli a jaka! Mu buɗewa muke yi mu gani da ido."

Gani kam yana gani. Mutumin da ke tsaga mutum daga ƙirji har mara, ya ɗinke, ya tafi cin naman rana! Nohemí ce ke zagayawa ɗakin jinya bayansa. Ta san masu kwana goma ba su miƙe ba, da waɗanda ɗinkinsu ya ruɓe. Aristóbulo kuwa ga ciwon suga, ga tumbi. Tsoro take ji ƙwarai.

"Kompadre, ai hannun ma gani yake yi," ta ce. "Yesenia tana taɓa ƙarin da yatsa, in jini ya ɓalle ta danne. Kwana huɗu mutum ya koma gida."

"To wannan wasan yaran ni ma zan iya. Kawo shi."

Ta ajiye kofinta.

"Daidai faɗin hannun likita ake yankawa, ka sani. Ita safar hannu lamba shida take sawa. Ni nake sa maka safa, ranka ya daɗe. Taka lamba tara ce. In hannunka ya shiga, me ya rage ba a buɗe ba?"

Masu shara biyu suka ƙunshe dariya. Babban likita ya dubi hannuwansa, ya cusa su a aljihu.

Ranar Litinin Villamizar ya sa aka mayar da Nohemí ɗakin wanke kayan aiki, can ƙarƙashin bene. A nan Aristóbulo ya same ta kwana huɗu bayan Yesenia ta yi masa tiyata. Da ƙafarsa ya sauko, yana mitar wai an hana shi gishiri.