Hular Koci Pruitt

Sulley ya ɗago hular daga ƙarfen baranda da yatsu biyu, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce, "Inna lillahi." Ashe shuɗiya ce! Shekara goma sha tara yana kallonta a kan Koci Pruitt, kuma da jiya aka ba shi Alƙur'ani da ya rantse ruwan ƙasa ce.

"Adiza! Me kika yi mini?"

Matarsa Adizatu ta leƙo daga kicin riƙe da ludayi. "Na ɗinke maɗaurin da ya tsinke, kamar yadda ka ce. Ka ga ɗinkin? Ko na kamfani albarka."

"Ba ɗinkin ba. Wa ya ce ki wanke?"

"Ei, Baban Safia, sai an ce? Abin da ina buɗe ledar ƙudajen Greensboro kaf suka zo gaisuwa? Ruwa uku na canja." Ta nuna shi da ludayin. "Dattijo ɗan shekara saba'in zai tsaya gaban jama'a ranar sallamarsa da wannan ƙazantar a ka, kuma a ce daga ɗakina ta fito? A zangon Kumasi ko maƙiyinka ba ka yi masa haka."

Sulley ya zauna a kujerar roba.

Shi ne mai wanki da ajiyar kaya na ƙungiyar besbol ta wata ƙaramar kwaleji a gefen garin Greensboro. Besbol ɗin nan, wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki, sai gudu. Sauran lokacin kuma ƙatti ne tsaye a rana suna tofar da yawu. Har yau Sulley bai gama gane dokokinsa ba, amma ya san wadda ta fi kowace: ruwa ba ya taɓa hular Koci. Da ita mutumin ya ci wasansa na farko shekara talatin da huɗu da suka wuce, lokacin yana da gashi da ƙugu irin wanda Allah ya halitta masa. Tun daga nan gashin ya tafi, likitoci sun sa masa ƙugun ƙarfe, alƙalan wasa sun kore shi daga fili sau arba'in da ɗaya saboda bakinsa, yaran da ya fara horarwa sun yi jikoki, hula kuwa tana nan tana tara zufa. Wai a cikin dauɗar sa'ar take. Mutanen da suka je duniyar wata suka dawo, amma suna tsoron sabulu! Kuma su ne ke cewa mu ne masu camfi.

Yau Asabar wasan Koci na ƙarshe. Ya ci wasa ɗari takwas da casa'in da tara, saura ɗaya ya cike ɗari tara. Ranar Litinin kuma sabon koci zai iso daga Texas da kwamfutarsa da mutanensa, har da mai wankinsa. Daraktan wasanni na kwalejin bai ɓoye wa Sulley ba: wanda tsohon ya ambata da bakinsa shi zai zauna, sauran kowa ya nemi hanya. Sulley yana da shekara hamsin da takwas da gwiwa ɗaya mai ƙara, kuma inshorar aikin nan ce ke sayen allurar ciwon sukarin Adizatu.

"Kin kashe mu," in ji shi a hankali.

"Allah ya sawwaƙe. Ga abincinka nan a kula, kada ka manta shi."

Ya bi titin Gate City Boulevard da hular a kujerar gefe kamar mai kai marar lafiya asibiti. Ƙarfe tara ya isa fili. Tahirou, mutumin Dosso mai kula da ciyawa da jar ƙasar filin, yana ban ruwa da tiyo. Sulley ya ja shi bayan rumfar injin yankan ciyawa ya buɗe masa ledar.

Tahirou ya duba, ya sake dubawa. "Ta wa ce wannan?"

"Ta Koci."

Tiyon ya faɗi. Tahirou ya riƙe ciki yana dariya har da tari. "Wallahi patron, maigidan naka, zai binne ka a nan, ni kuma zan shuka ciyawa a kanka. Madam ce?"

"Ka bar dariya ka taimake ni, don Allah. Shekara talatin da huɗu nake so mu mayar kafin ƙarfe sha ɗaya."

Suka duƙufa. Suka tumurmusa ta a jar ƙasa, suka tattake ta, Tahirou ya bi ta kanta da tayar inji. Sannan ya ɗora ta a kansa ya zaga filin da gudu sau biyu don ta sha zufa, ya dawo yana haki yana cewa shi dai ba don wannan ya nemi biza ba. Launin ya dawo. Abin da bai dawo ba shi ne baƙin maiƙon nan mai sheƙi da ya zagaye bakin hular, wanda ko makaho zai lura babu shi.

"Baƙin mai na inji," in ji Tahirou.

"Zai ji warin fetur."

Sulley ya tsaya yana sosa ƙeya, sai idonsa ya sauka a kan kular abinci. Ya buɗe. Shinkafa da wake, da dafaffen ƙwai, a gefe kuma ga shito, baƙin yajin nan na Gana da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Ya tsoma yatsa a man da ya taso sama ya goga a bakin hular. Kai! Kamar dama da shi aka saƙa ta. Ya bi da'irar duka, ciki da waje, har sau biyu. A cikin murna ko kaɗan bai tuna cewa shiton Adizatu ne ya taɓa sa limamin masallacinsu shan ruwa kofi huɗu ranar suna ba.

Ƙarfe sha ɗaya Koci Pruitt ya shigo ɗakin kaya yana ɗingishi, dogo, jajir, fuska a murtuke kamar kullum. Ya karɓi hular, ya duba ɗinkin, ya kafa ta a ka.

"Ta ɗan matse, Sully," ya ce da Turancinsa na Kudu mai jan baki.

"Sabon ɗinki ne, Koci."

Tsohon ya ƙura masa ido. Sannan ya juya ya fita.

Aka fara wasa ƙarfe ɗaya, ranar watan Mayu tana dukan tsakar ka. Mutum dubu biyu sun cika benci, har da tsofaffin 'yan wasa masu tumbi da suka zo daga jihohi bakwai. Zagaye tara ake yi. Na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku zufa ta fara gangarowa daga ƙarƙashin hular, Koci ya fara ƙifta ido. Kafin a gama zagayen hawaye na bin kumatunsa shaaa.

Mai kyamara ya hango, ya ɗora fuskar a babban allo. Filin ya yi tsit. Wannan fa mutumin da ƙwallo ta taɓa cire masa haƙora biyu, ya tofar da su ya ci gaba da zagin alƙali. Sai ga wani ƙato mai gemu a benci na gaba ya fashe da kuka, matarsa ta taya shi, abin ya bazu kamar hamma. 'Yan wasan ma suna ta jan hanci. Can ƙetaren fili Tahirou ya duƙa a bayan inji, kafaɗunsa na rawa, wanda bai sani ba sai ya ce shi ma kukan yake.

Sulley yana kusurwar rumfar 'yan wasa yana miƙa tawul bayan tawul, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Tsoro yake ji, da kunya, da tausayin tsohon. Sau biyu ya buɗe baki zai ce, "Koci, cire ta," sau biyu ya tuna allurar Adizatu ya haɗiye. Koci kuwa bai taɓa hular ba. Haka ya tsaya yana ba da umarni da ido jawur, hawaye bai yanke ba har zagaye na tara.

Aka ci ƙungiyar Koci biyar da huɗu.

Shi ke nan, in ji Sulley a ransa, an wanke sa'a da omo. Aka kafa lasifika a tsakiyar fili, daraktan ya zo da akwatin gilashi da aka tanada domin ajiye hular a zauren kwaleji. Koci ya cire ta, ga jan layi ya zagaye goshinsa kamar an ɗaura masa zare. Ya gode wa kowa cikin jimla uku, sannan ya nuna kusurwa.

"Sully, zo nan."

Sulley ya tako, gwiwarsa na ƙara.

"Shekara goma sha tara mutumin nan ke tsaron hular nan," in ji Koci, "ko ɗigon ruwa bai taɓa bari ya sauka a kanta ba. Wanda zai gaje ni ya gaji Sully. In ba haka ba in tafi da hulata gidana a Summerfield, ku sa takalmi a akwatin."

Daraktan ya yi dariya ya ɗaga hannu a gaban mutum dubu biyu ya ce an gama. Aka tafa. Aka rufe shiton Adizatu a gilashi, aka sa makulli. Sulley yana murmushi yana istigfari.

Da la'asar yana ɗakin wanki yana cusa riguna a inji sai ga Koci, kai ba hula, da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Ya zauna a kan kwandon kaya.

"Tun da na sa ta na gane," ya ce. "Ta daina wari. Mene ne kuka shafa?"

Sulley ya sunkuyar da kai. "Yajin matata ne. Ita ta wanke, ba ta sani ba, girmama ka take yi. Ni na shafa. Koci, ni na jawo aka ci mu."

"Da hular nan na sha kashi sau ɗari bakwai da goma sha biyu, Sully. Ba wanda ya taɓa tuhumarta." Ya danna tawul ɗin. "Amma ka gaya wa matarka gwamnati ya kamata ta san da wannan abin."

"To me ya sa ba ka cire ba? Zagaye bakwai kana shan azaba."

Koci ya kalli rigunan da ke jibge a ƙasa, masu lambobi da jar ƙasa a gwiwar hannu.

"Yajin ya sake ni tun a zagaye na biyar," ya ce.

Sulley ya ɗauko busasshen tawul ya ajiye masa a cinya, ya juya baya, ya kunna injin wanki mafi ƙara a ɗakin.